Wa ke Kai Bindiga Dajin Rugu?

A watan Yulin 2022 sashen bincike na BBC ya fitar da wani shiri kan 'yan bindigar Zamfara, inda aka ga ɗaya daga cikin jagororinsu, Ado Aleru, yana magana gaban kyamara. Mutanen Faskari sun san sunan tun kafin nan, domin shi 'yan sandan Katsina suka ɗora wa alhakin kisan ƙauyen Kadisau da ke yankinsu na watan Yunin 2020. Gwamnatin tarayya ta harzuƙa, ta ce ana kambama 'yan ta'adda, hukumar NBC kuma ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 kan nata shirin. An sha gardama kan ko ya dace a nuna fuskar ɗan bindiga, amma tambayar da ta fi ci wa manomin Sabuwa tuwo a ƙwarya ba ta samu mai yi ba: bindigar da ke rataye a kafaɗar ɗan bindigar, wa ya kawo ta?

Ba a ƙera AK-47 a dajin Rugu. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamban 2020, da ya ce ya tuba a Gusau bayan wata biyu, bindigogi ya miƙa, ba sanduna ba. Irin wannan bindiga kan ɗauki lamba a jikin ƙarfenta, lambar kuwa kan kai mai bincike ga masana'anta da rumbun da aka fara ajiye ta. Ƙungiyar Conflict Armament Research ta bi irin wannan sawu a Katsina da Zamfara da Kaduna, rahotonta na 2020 ya nuna wasu makaman daga rumbunan Libiya suka fito bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, wasu daga Kwaddibuwa, wasu daga Turkiyya ta tashar jiragen ruwan Legas, wasu kuma, abin takaici, daga hannun jami'an tsaronmu. Dillali ne ke cusa harsashi cikin buhun masara ko ƙarƙashin kujerar mota, kuɗin fansa kuma ya koma aljihunsa.

Za a ce tona hanyar tamkar koya wa wasu sana'ar ne. Ai masu safarar sun haddace hanyarsu daga Agadas zuwa iyakar Jibiya. Talakan da ake harbi ne kaɗai bai sani ba. Wani kuma zai ce a bar wa tarihi, kamar yadda aka yi da makaman da wani mai suna Al Schwimmer ya yi fasa-ƙwaurinsu ta Cekoslobakiya zuwa Isra'ila a yaƙin 1948, yaƙin da ya raba dubban ɗaruruwan Falasɗinawa da gidajensu, fasa-ƙwaurin da sai a 2015 tashar PBS ta nuna fim a kai. Wancan fim ya zo ne bayan an gama yaƙin, masu hannu a ciki sun tsufa. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa dillalan suna nan da ransu, kaya na ci gaba da shigowa, kuma kotu na iya kiransu da sunansu idan ɗan jarida ya bi lambar bindiga har ƙofar wanda ya sayar.