Ƙuri'ar Baƙar Fata a Amurka: Shekara 95 Tsakanin Doka da Aiki

A shekarar 1870 Amurka ta rubuta a kundin tsarin mulkinta cewa ba za a hana ɗan ƙasa jefa ƙuri'a ba saboda launin fatarsa, ko don ya taɓa zama bawa. Wannan shi ne gyara na 15. Amma sai a 1965 talaka baƙar fata na jihohin kudu ya samu damar yin rajistar zaɓe ba tare da fargabar duka ko kora daga aiki ba. A ganina, duk mai son fahimtar tarihin siyasar Amurkawa, wannan tazara ta shekara 95 ya kamata ya fara dubawa, domin a nan ake ganin iyakar ƙarfin doka idan ba ta da mai tsaya mata.

Yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 ya ci rayuka fiye da 600,000, ya kuma 'yantar da bayi kusan miliyan 4. Bayan yaƙin, sojojin tarayya suka zauna a kudu, tsofaffin bayi maza suka fara zaɓe, har aka zaɓe su. A 1870 wani fasto mai suna Hiram Revels ya shiga Majalisar Dattawa yana wakiltar Misisipi, jihar da Jefferson Davis, shugaban 'yan awaren kudu, ya taɓa wakilta a wannan majalisa. Abin bai daɗe ba. A 1877, bayan sulhun da 'yan siyasa suka ƙulla kan zaɓen shugaban ƙasa mai cike da taƙaddama, gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. Turawan kudu ba su soke gyara na 15 ba, zagaye shi suka yi. Kundin tsarin mulkin Misisipi na 1890 ya ɗora harajin dala 2 kan mai son yin zaɓe, sannan ya ce sai mutum ya karanta wani sashe na kundin, ko ya yi bayaninsa yadda zai gamsar da jami'in rajista. Jami'in Bature ne, shi ke zaɓen sashen, shi ke yanke hukuncin ko an ci. Luwisiyana ta ƙara tata dabarar a 1898: wanda ubansa ko kakansa ke da ikon zaɓe kafin 1867 an ɗauke masa jarrabawar. Wane jikan bawa ne zai cika wannan sharaɗi? A 1896 baƙar fata kimanin 130,000 ke da rajista a jihar. Zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Babu inda aka ambaci launin fata a waɗannan dokoki, kuma wanda dabara ba ta kayar ba, 'yan ta'addan Ku Klux Klan na jiransa da dare. Ko da mata suka samu 'yancin zaɓe a 1920, yawancin matan kudu baƙar fata labarinsa kawai suka ji.

Ɗaya daga cikinsu ita ce Fannie Lou Hamer, auta a cikin 'ya'ya 20, wadda ta fara tsinkar auduga tun tana shekara 6. A ƙarshen watan Agustan 1962, tana da shekara 44, ta shiga mota tare da mutum 17 zuwa garin Indianola don yin rajista. Aka kayar da ita a jarrabawar. Da ta dawo, mai gonar da ta yi wa aiki shekara 18 ya ce ko ta janye sunanta ko ta kwashe kayanta. A daren ta bar gonar. Shekara ta zagayo, aka kulle ta a garin Winona, aka yi mata dukan da ya lalata mata ƙoda har ƙarshen rayuwarta. Ba ta ja da baya ba. A 1964 ta zauna a gaban wani kwamitin babban taron jam'iyyar Dimokurat ta zayyana abin da aka yi mata, har Shugaba Lyndon Johnson ya kira taron manema labarai na gaggawa don ya janye kyamarori daga kanta. Da dare gidajen talabijin suka saka jawabin nata.

Garin Selma na jihar Alabama ne ya kawo lamarin ƙarshe. A gundumar da garin yake, baƙar fata da suka isa zaɓe sun kai wajen 15,000, amma masu rajista ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma kwana biyu kacal ofishin rajista ke buɗewa a wata. Bayan wani ɗan sanda ya harbe wani matashi mai suna Jimmie Lee Jackson, sai mutum kusan 600 suka fito ranar Lahadi 7 ga Maris 1965, za su taka da ƙafa zuwa Montgomery, babban birnin jihar, tafiyar kilomita 87. Bibbiyu suka jeru, John Lewis da Hosea Williams a gaba, babu mai riƙe da ko sanda. Suna gangarowa daga gadar Edmund Pettus 'yan sanda suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa, wasu a kan dawakai. Aka fasa wa Lewis kai. Aka bar Amelia Boynton, wata dattijuwa da ta shafe shekaru tana yi wa mutane rajista, a some a kan titi. Gani ya kori ji: a daren tashar ABC ta katse wani fim kan shari'ar 'yan Nazi ta nuna wa miliyoyin Amurkawa hotunan. Makonni biyu bayan haka Martin Luther King ya jagoranci tattakin, kuma mutum kusan 25,000 ne suka shiga Montgomery.

Ranar 6 ga Agustan 1965 Johnson ya sa hannu kan Dokar 'Yancin Zaɓe. Abin da ya bambanta ta da alƙawarin 1870 shi ne ta zo da hanyar aiwatarwa. Ta dakatar da jarrabawar karatu, ta ba gwamnatin tarayya ikon tura jami'anta su yi rajista da kansu, ta kuma tilasta wa jihohin da aka sani da wannan hali su nemi izinin Washinton kafin su taɓa kowace ƙa'idar zaɓe. Cikin shekara biyu, rajistar baƙar fata a Misisipi ta tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin 100 zuwa kusan kashi 60.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A 2013, a shari'ar gundumar Shelby, alƙalai 5 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka rushe ma'aunin da ake amfani da shi wajen tantance jihohin da sai sun nemi izini, bisa hujjar cewa zamani ya canza. A ranar jihar Teksas ta sanar za ta fara aiki da dokarta ta katin shaidar masu zaɓe, wadda a baya aka hana ta. Ni dai ina ganin kotun ta yi gaggawa, domin kariyar da ta cire na cikin abubuwan da suka kawo canjin da take kafa hujja da shi. John Lewis, wanda aka fasa wa kai a Selma, ya rasu a 2020 bayan ya shafe fiye da shekara 30 a Majalisar Wakilai. Ƙudurin da aka sa wa sunansa don maido da wannan kariya ya tsallake Majalisar Wakilai a 2021, amma ya maƙale a Majalisar Dattawa.