Zaɓen Fafaroma da Fatan Gyara a Cocin Katolika, 2013 zuwa 2025

Sau biyu a cikin shekara goma sha biyu mabiya ɗariƙar Katolika, waɗanda yawansu ya kai kimanin biliyan 1.4 a faɗin duniya, suka sami sabon Fafaroma, kuma a kowane karo murna ba ta lafa ba sai da aka jibge wa sabon shugaban tarin buƙatun gyara. Masu zaɓen su ne kadinal-kadinal, wato manyan limaman da ke ba Fafaroma shawara, waɗanda ba su kai shekara 80 ba. Akan kulle su a majami'ar Sistine da ke fadar Vatican har sai mutum ɗaya ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, sannan a busa farin hayaƙi. A haka aka zaɓi Jorge Mario Bergoglio na Ajantina ranar 13 ga Maris 2013, ya ɗauki sunan Francis, aka kuma zaɓi Robert Francis Prevost, haifaffen Chicago a Amurka, ranar 8 ga Mayu 2025, ya ɗauki sunan Leo na 14. Abin da shekarun da ke tsakanin zaɓukan biyu suka nuna shi ne, fatan da ake ɗora wa sabon Fafaroma yakan fi ƙarfin kujerar da ya hau, domin masu kiran gyara bakinsu bai zo ɗaya ba kan abin da ya lalace.

Dalili na farko da ya haifar da wannan fata shi ne halin da cocin ta shiga kafin 2013. Labarin lalata da yara ƙanana da wasu limamai suka yi, da rufa-rufar da shugabanninsu suka riƙa yi ta hanyar sauya musu wurin aiki maimakon miƙa su ga hukuma, ya riga ya zubar da mutuncin cocin a Amurka da Ireland da Jamus. A 2012 kuma wasu takardun sirri suka fita daga ɗakin Fafaroma Benedict na 16 ta hannun hadiminsa, suka tona asirin zaman doya da manja da zargin almundahana a cikin Kuriya, wato ma'aikatun da ke tafiyar da mulkin cocin daga birnin Rum. Da Benedict ya sanar da murabus ɗinsa a Fabrairun 2013, abin da ba a gani ba tun 1415, kadinal-kadinal da yawa sun zo zaɓe da niyyar nemo wanda bai taso a cikin waɗannan ma'aikatu ba.

Dalili na biyu ya shafi inda mabiyan suke zaune. A 1910 kusan kashi biyu cikin uku na Katolika a Turai suke, amma zuwa 2010 ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, yayin da Latin Amurka ta zama babbar matattara, Afirka kuwa a yanzu ta ƙunshi kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Saboda haka zaɓen Francis, Fafaroma na farko daga nahiyar Amurka, ya zama wa miliyoyin mabiya alamar cewa Rum ta fara juyowa gare su. Dalili na uku shi ne tsarin mulkin kansa, domin Fafaroma ne ke kafa doka, shi ke naɗa bishop-bishop, kuma ba a ɗaukaka ƙara kan hukuncinsa. Inda iko ya tattaru a hannun mutum ɗaya haka, dole idon kowa ya koma kan halinsa. Tunda kuwa ba a kamfe ba a gabatar da manufa kafin zaɓen, jama'a da 'yan jarida sai su koma karanta alamu, bisa tunanin cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Francis ya fito barandar majami'ar Saint Peter da farar riga kawai, ba tare da jan mayafin kafaɗa da magabatansa suka saba sawa ba, washegari ya je da kansa ya biya kuɗin masaukin da ya sauka, ya kuma zaɓi zama a gidan baƙi na Santa Marta maimakon fadar Fafaroma. Ziyarar aikinsa ta farko a wajen Rum ita ce ta tsibirin Lampedusa, inda jiragen ruwan baƙin haure daga Afirka ke sauka. Waɗannan ƙananan abubuwa sun sa mutane da yawa tsammanin canjin da shi kansa bai taɓa yin alkawarinsa ba.

Idan aka auna sakamako, gyaran da ya zauna da gindinsa shi ne na doka da na gudanarwa. A 2014 ya kafa ma'aikatar kula da tattalin arziki don sa ido kan kuɗin Vatican, kuma a Disambar 2023 kotun Vatican ta yanke wa Kadinal Angelo Becciu hukuncin ɗaurin shekara biyar da rabi a shari'ar da ta samo asali daga cinikin wani gini a Landan, hukuncin da ya ɗaukaka ƙara a kansa. A 2019 aka tuɓe wa tsohon Kadinal Theodore McCarrick rigar limanci, aka kafa dokar da ta wajabta wa limamai kai rahoton cin zarafi ga hukumomin coci, aka kuma tsara yadda za a binciki bishop da ake zargi da rufa-rufa. Kundin tsarin Kuriya na 2022 ya buɗe ƙofar shugabancin ma'aikatu ga waɗanda ba limamai ba, har da mata, kuma a kan haka aka naɗa Sista Simona Brambilla shugabar wata ma'aikata a Janairun 2025. A babban taron tuntuɓa da ake kira sinod, wanda aka yi a Oktoban 2023, kadinal da sista da magidanci sun zauna kewaye da teburi ɗaya, kuma mata sun kaɗa ƙuri'a a karon farko.

A ɓangaren aƙida kuwa, lamarin bai motsa sosai ba, kuma inda ya ɗan motsa sai ya ta da ƙura. Taron bishop-bishop na yankin Amazon a 2019 ya ba da shawarar a naɗa magidanta limamai a ƙauyukan da ba sa ganin limami sai jefi-jefi, amma Francis bai zartar da ita ba, haka kuma bai buɗe wa mata ƙofar limanci ba. Masu neman canji a Jamus, ƙasar da sama da mutum dubu 500 suka fice daga cocin a hukumance a 2022 kaɗai, sun ga kamar ya yi musu daɗin baki sannan ya tsaya. Masu riƙo da tsohuwar hanya kuma sun ga ya wuce gona da iri, musamman bayan da ya taƙaita yin addu'ar Mass bisa tsohon tsarin Latin a 2021. Ɓarakar ta fito fili a Disambar 2023, lokacin da Vatican ta ba limamai damar sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka ba tare da ɗaukar zaman a matsayin aure ba. Cikin 'yan makonni ƙungiyar bishop-bishop na Afirka da Madagaska, ƙarƙashin Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, ta ce ba za a aiwatar da hakan a nahiyar ba, Rum kuma ta ƙyale su.

Wannan gado ne ya bayyana irin tarbar da aka yi wa Leo na 14. Daga cikin masu zaɓe 133, Francis ne ya naɗa 108, amma duk da haka sun zaɓi mutumin da kowane ɓangare ya sami abin kamawa a jikinsa. Masu son a ci gaba da tafarkin Francis sun duba shekarun da ya yi yana aiki a Peru har ya zama bishop na Chiclayo, da yadda ya ambaci tafiya tare ta hanyar tuntuɓa a jawabinsa na farko. Masu son a dawo da tsari sun duba cewa masanin dokokin coci ne, kuma ya fito baranda sanye da jan mayafin da Francis ya ajiye. Sunan da ya ɗauka yana nuni ga Leo na 13, wanda a 1891 ya fitar da wasiƙa kan haƙƙin ma'aikata, kuma shi da kansa ya danganta zaɓin da ƙalubalen ƙirƙirarriyar basira ga aikin ɗan'adam.

A Najeriya tarbar ta ɗauki wani salo, domin Leo ya shugabanci ƙungiyar limaman Augustine daga 2001 zuwa 2013, ƙungiyar da ta daɗe tana aiki a Yola da Maiduguri da Jos, kuma ya ziyarci ƙasar fiye da sau ɗaya a wannan matsayi. Shugaba Bola Tinubu, wanda Musulmi ne, ya halarci bikin kama aikinsa ranar 18 ga Mayu 2025. Abin da ya fi damun Katolika a nan shi ne tsaro, ganin yadda ake sace limamai don kuɗin fansa da harin majami'ar Owo na Yunin 2022, sai kuma ɗorewar zumunci da Musulmi da Francis ya ƙarfafa lokacin da ya sa hannu kan takardar 'yan'uwantaka da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, a Abu Dhabi a 2019. Akwai kuma ƙorafin wakilci, tunda Kadinal Peter Okpaleke ne kaɗai ɗan Najeriya da ya kaɗa ƙuri'a a zaɓen.

Daga waɗannan bayanai ana iya fahimtar cewa Fafaroma yana da ikon canza doka da ma'aikata da naɗe-naɗe cikin 'yan shekaru, amma ba ya iya haɗa kan Bajamushe da ɗan Kwango kan ma'anar aure da limanci da sa hannu kawai. Ma'aunin da ya dace a riƙe wa Leo na 14 shi ne irin bishop-bishop ɗin da zai naɗa, da ko dokokin 2019 za su hau kan manya kamar yadda suke hawa kan ƙanana, da kuma yawan ikon da zai bar wa kowane yanki ya yanke hukunci kan al'amuransa ba tare da cocin ta rabu ba.