Ruwan Sama Bai San Ƙarfin Inji Ba

Ranar Lahadi 27 ga Yulin 2025, motocin gasar Formula 1 sun fito filin tsere na Spa-Francorchamps da ke cikin dajin Ardennes a ƙasar Beljiyam ana ruwan sama. Zagaye ɗaya suka yi a bayan motar jagora, sai alƙalan tsere suka ɗaga jar tuta, kowa ya koma rumfarsa. An fi awa guda ana jira. Da aka dawo ma, sai da aka ƙara zagaye huɗu a bayan motar jagoran kafin a sake su, kuma ba a jima ba kwalta ta bushe, direbobi suka cire tayoyin ruwa. Oscar Piastri ne ya yi nasara, amma ba shi aka kwana ana magana a kai ba. Max Verstappen, wanda ya ɗauki kambin duniya sau huɗu, ya fito ya ce alƙalai sun cika taka-tsantsan, masu kallo da yawa kuma suka mara masa baya. Tambayarsu ɗaya ce: mutanen da ake cewa sun fi kowa iya tuƙi a duniya, cikin motocin da suka fi kowace mota ƙarfi da tsada, ta yaya ruwan sama zai zaunar da su?

Ba ƙorafin Verstappen ne ke damuna ba, shi ya san abin da yake faɗa. Abin da ke damuna shi ne zaton da ke ƙarƙashin tambayar masu kallon, wato wai ƙarfin mota kariya ne, wai babbar mota mai faffaɗan taya da na'urori ta fi ƙarfin ruwa. Wannan zato ya bazu nesa da filin tsere, kuma yana cin rayuka.

Duk girman mota, duk kuɗin da aka kashe mata, wuri huɗu kaɗai take taɓa ƙasa, kowane a motar gida bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. Birki ta nan yake bi. Sitiyari ta nan yake bi. Ƙarfin inji ma ta nan yake bi. Riƙon da robar taya ke yi wa kwalta kuwa yana da iyaka, kamar kuɗin cefane ne da maigida ya ajiye da safe: daga cikinsa za a sayi shinkafa, daga cikinsa mai, daga cikinsa nama, kuma duk abin da aka ƙara wa ɗaya to an rage wa sauran. Direban da ya kashe riƙon tayarsa duka wajen taka birki, babu abin da ya rage masa na shan kwana. Zai murza sitiyari mota ta ci gaba miƙe. Wanda ya kashe shi wajen shan kwana sannan ya danna totur, ya ci bashin da babu mai biya, sai bayan motar ya goce ya nemi riga gabanta. Abin da ruwan sama ke yi shi ne ya zo ya zabge kuɗin cefanen, wani lokaci da kashi uku cikin goma, wani lokaci da rabi, alhali bakunan da ke jira ba su ragu ba. Littafin dokokin hanya na Birtaniya cewa ya yi tazarar tsayawa a jiƙaƙƙen titi tana kai aƙalla ninki biyu na busasshe.

To ƙarfin inji baki ne mai ci, ba ya kawo ko kwabo. Motar Formula 1 ta 2025 tana da ƙarfin doki wajen 1,000, nauyinta har da direba kusan kilo 800, kuma duk wannan ƙarfi ta tayoyin baya biyu yake fita. Ba ta da na'urar ABS mai hana taya ƙullewa in an taka birki, an haramta ta tun 1994. Ba ta da na'urar da ke rage wuta idan taya ta fara juyawa a banza, ita ma an hana tun 2008. Ƙafar direba ce kawai. A busasshiyar kwalta ma, in ya danna totur da garaje yana fitowa daga kwana, tayoyin baya za su iya ƙwacewa, balle a jiƙe. Shi ya sa gwanayen tuƙin ruwa suke yin abin da mai kallo zai ɗauka ragwanci ne. Suna canja giya da wuri, su shiga babbar giya kafin inji ya yi ƙara, don ƙarfin ya isa taya a hankali. Suna fara birki tun daga nesa, su gama shi mota na miƙe, sannan su juya. Suna guje wa farin fenti da duwatsun gefen kwana masu launi, domin fenti in ya jiƙe santsinsa ya fi na kwalta.

Har hanyar da suke bi ma canjawa take. A ranar da babu ruwa, akwai layi ɗaya da kowa ke bi a kowace kwana, kuma dubban zagaye sun shafe shi da roba, sun goge tsakuwar kwaltarsa ta yi sumul. Wannan layin da ya fi ko'ina riƙo a rani, shi ne ya fi ko'ina sulɓi da ruwa ya sauka. Sai ka ga gwani ya bar shi ya zagaya ta wajen kwanar, inda kwalta ke da sauran kaushinta. Hanyar ta fi tsawo, amma tana riƙe mota. Da irin wannan Verstappen ɗin ya tashi daga na 16 ya ƙare na uku a zagayen ƙarshe-ƙarshe na tseren Birazil a 2016. Kafin shi, a Donington ta Ingila cikin Afrilun 1993, Ayrton Senna ya faɗo na biyar a farkon tsere, amma kafin a kammala zagayen farko ya wuce Michael Schumacher da Karl Wendlinger da Damon Hill da Alain Prost, alhali motocin Williams na Hill da Prost sun fi McLaren ɗinsa ƙarfi. Ruwa ne ya sa fifikon injinsu ya zama ba shi da amfani.

Duk wannan gwaninta tana aiki ne muddin taya na taɓa kwalta. Akwai inda take dainawa.

Taya mai gudu a kan ruwa dole ta ture ruwan da ke gabanta kafin ta taka ƙasa, kuma aikin zanen da ke jikinta ke nan: ramuka ne da ruwa ke bi ya fice ta gefe da baya. Kamfanin Pirelli, mai yi wa gasar tayoyi, ya ce tayarsa ta ruwa mai shuɗin zobe tana iya watsar da lita 85 a daƙiƙa ɗaya idan mota na gudun kilomita 300 a awa. Taya ɗaya ke nan. Amma idan ruwan ya fi abin da ramukan za su iya kwashewa, ko gudun ya yi yawa har ba su samu lokacin kwashewa ba, sai ruwan ya taru a gaban tayar, ya kutsa ƙarƙashinta, ya ɗaga ta. Daga nan mota ta bar ƙasa, a kan ruwa take tafiya. Sitiyari zai yi sakayau a hannu, birki ba zai amsa ba, kuma babu bambanci tsakanin Senna da ɗan koyo, domin babu abin da ɗayansu zai sarrafa. Na'urar ABS ba ta da aiki a nan, ita tattalin riƙon da ake da shi take yi, ba ta ƙirƙirar wanda babu. Motar da inji ke jan tayoyinta huɗu ta fi saurin tashi a santsi, gaskiya ne, amma wajen tsayawa daidai take da kowace mota, kuma saurin tashin nan shi ke ruɗin direbanta ya zaci titin lafiya lau yake. Faffaɗar taya kuma, wadda masu motocin ƙawa ke alfahari da ita, ruwan da za ta ture ya fi yawa, hanyar da zai bi ya fita gefe ta fi nisa, don haka takan riga siririya ɗagawa. Kamfanin Porsche ya san wannan sarai, shi ya sa a ƙirar 911 da ya fito da ita a ƙarshen 2018 ya sa na'urar sauraro a ramin tayoyin gaba, tana jin ƙarar fantsamar ruwa, ta gargaɗi direba ya koma tsarin da ke lausasa totur. Masu ƙera motar da kansu ba su yarda ƙarfinta zai fi ruwa ba.

Wanda hakan ta same shi, abin yi kaɗan ne kuma yana da wuya: ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya daki birki, ya jira gudu ya ragu tayoyi su sake kama ƙasa. Wanda ya firgita ya murɗe sitiyari, da zarar riƙo ya dawo motar za ta fizge zuwa inda tayoyin ke kallo.

A Spa kuwa, abin da ya fi tayar wa alƙalai hankali ma ba santsi ba ne. Litocin ruwan nan da tayoyi ke watsarwa sama suke tashi, kuma a ƙirar motocin 2022 zuwa 2025 da ke zuƙar iska ta ƙarƙashinsu, gindin motar ma yana tsotso ruwa ya fesa shi baya. Na gaba yana gani. Na biyar, na goma, farin hazo kawai ke gabansa, yana gudun da ke cinye sama da mita 80 a daƙiƙa. A Spa bishiyoyin dajin suna tare iska, feshin ya tsaya ya ƙi watsewa. Hukumar FIA mai kula da gasar ta gwada rufe tayoyi da marfi a Silverstone a 2023 da Fiorano a 2024, aka ga bai rage wani abin kirki ba, aka ajiye. A wannan fili na Spa, a miƙaƙƙiyar hanyar Kemmel, ranar 1 ga Yulin 2023, wani matashi ɗan ƙasar Holan mai shekara 18, Dilano van 't Hoff, ya yi hatsari cikin ruwa a wata ƙaramar gasa, motarsa ta tsaya a kan hanya, wata da ke tafe a cikin feshi ta dake shi, ya rasu. Duk wanda ya riƙe tuta a Spa bayan shekara biyu, da wannan a ransa ya riƙe ta.

Akwai kuma Suzuka ta Japan, 5 ga Oktoban 2014, lokacin da guguwar Phanfone ke gabatowa. Motar Adrian Sutil ta sulale a kwanar Dunlop, aka shigo da motar ɗaga kaya don a janye ta. Zagaye ɗaya bayan haka Jules Bianchi ya sulale a daidai wurin, ya shige ƙarƙashin motar ɗaga kayan. Bai farfaɗo ba har ya rasu a Nice a Yulin 2015, yana da shekara 25. Kwamitin bincike ya ce bai rage gudu yadda ya kamata ba duk da tutocin gargaɗi. Ni dai har yau ina ganin wanda ya bar ƙaton ƙarfe a bakin jiƙaƙƙiyar kwana ana tsere yana da nasa kason. Bayan nan ne aka kawo dokar da ke tilasta wa kowace mota rage gudu lokaci ɗaya idan ana aiki a gefen hanya.

Ba wai alƙalan gasar ba su da laifi ba ne kullum. A Agustan 2021, a Spa ɗin dai, sun bar jama'a cikin ruwa sama da awa uku, suka zagaya da motoci 'yan zagaye a bayan motar jagora, suka ce an yi tsere, suka raba rabin maki. Hana tseren daidai ne, kiran abin da aka yi tsere kuwa cin haƙƙin waɗanda suka sayi tikiti ne. Amma a kan batun tsoro, Niki Lauda ya riga ya ba da amsa a Fuji a 1976. Yana kan gaba a makin shekara, ƙunar da ya samu a hatsarin da ya yi a Nürburgring ba ta gama warkewa ba, ya yi zagaye biyu cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya shigo ya ajiye Ferrari ɗinsa. James Hunt ya ƙwace kambin da maki ɗaya tak. Lauda ya sake cin kambi a 1977 da 1984.

Ruwan da ke ɗaga tayar Pirelli a Beljiyam shi ne ke kwanciya a kan hanyar Kano zuwa Zariya a watan Agusta, kuma a nan babu mai ɗaga jar tuta. Ruwan farko na damina ya fi sharri, domin ƙura da baƙin mai da suka taru wata da watanni suna haɗuwa da shi su yi yauƙi kafin manyan ruwa su wanke. Sabuwar taya tana zuwa da zane mai zurfin wajen milimita 8, a Turai kuma doka ta hana hawa wadda ta gaza milimita 1.6. Da yawa daga tayoyin gwanjo da ake sauke mana, an cire su ne can bayan sun cinye rabin zanensu ko fiye, mu kuma mu hau har sai sun suɗe. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, amma da wuya ka ga jami'i a shingen hanya ya sunkuya ya duba zane, haka kuma da wuya ka ji an tuhumi wanda ya shimfiɗa kwalta bai yi mata magudanar ruwa ba.

Sai wata al'ada da ya kamata a bari: rage iskar taya da damina, wai don ta ƙara kama ƙasa. Tun 1963 masu bincike na hukumar NASA a Amurka, Walter Horne da Robert Dreher, suka nuna cewa gudun da taya ke fara tashi a kan kwantaccen ruwa ya dogara ne da ƙarfin iskar da ke cikinta. A kan tayoyin jirgin sama suka yi aikin, amma hanyar lissafin ta haska na mota. Tayar da mai faci ya cika zuwa 32 a ma'auninsa za ta fara ɗagawa a wajen kilomita 94 a awa. A sauke ta zuwa 24, sai abin ya dawo wajen kilomita 82, gudun da direban haya ke yi yana hira da fasinja.