Kafin a Fasa Tsohon Soro

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Ran ya kutsa cikin tsohon garin Bauchi zai ga yadda gidajen gado suke sauya kama. Zaure ya zama shago, barga da babu doki a cikinta ta koma ɗakin samari, inda rumbu yake an tayar da banɗaki. Ba laifi ba ne. Iyali sun yi yawa, fili kuwa a cikin ganuwar da aka zagaye garin da ita tun zamanin Malam Yakubu, wanda ya kafa Bauchi a 1809, ba ya ƙaruwa. Abin dubawa shi ne yadda ake yin aikin.

Babbar ɓarnar da ake yi wa ginin ƙasa ita ce shafe shi da siminti. Bangon tubali yana shan danshi da damina, ya sake shi da rani. Idan aka lulluɓe shi da siminti, ruwan da ya shiga ta tsaga ko ya taso daga gindi ba ya samun mafita. Sai bango ya riƙa rubewa a ɓoye, fuskarsa kuwa sumul, har ranar da ɓawon zai ɓalle gaba ɗaya. Magina na dā sun san wannan, shi ya sa suke yaɓe da makuba ta kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina. Duka biyun suna tare ruwa ba tare da sun toshe bango ba. Sai dai suna son a riƙa sabunta su, kuma a nan ne ragwancinmu yake.

Sai batun faɗaɗawa. Azara ba ta tsallake tazarar da ta wuce kamar mita 2 sai da dabarar ɗaurin guga, inda bakuna suke raba nauyin rufi su sauke shi a kan bango. Mai son falo ya fasa bango ɗaya don haɗe ɗaki biyu, bai san ya cire abin da yake riƙe da soron ba. Gara a tayar da sabon ɗakin bulo a gefe, da tushensa daban, kada a jingina shi da tsohon gini, domin ba tare suke zama ba. A kuma lura da inda ruwan kwano da na indararo zai zuba. Barga ma sai an kwashe ƙasar da ta sha fitsarin dabba, in ba haka ba gishirinta zai ci gindin bango.

Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, yana cikin gine-ginen da gwamnati ta ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa, don haka ba a taɓa shi sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Gidajen talakawa na cikin gari ba su da wannan kariya. Makomarsu tana hannun magada. Kafin a kira mai bulo, a fara nemo tsohon magini ya duba azarar, ya faɗi bangon da za a iya taɓawa da wanda ba za a iya ba.