Wa ya kamata ya buga gaba? Musun da ba ya ƙarewa a gidajen kallon ƙwallo

Daga Gidan Katta zuwa cikin garin Illela, har a tsallaka iyaka zuwa Ƙonni, da wuya a tashi daga kallon wasan Super Eagles ba a ɓarke da musu ba. Alƙalin wasa zai busa tashi, a kashe janareta, amma a teburin mai shayi sai a buɗe sabon fili. Wannan ya ce koci bai san aikinsa ba, wancan ya ce da an sa wane tun farko da tuni an ci wasa. Kusan kullum musun kan abu ɗaya yake: su wane ne ya kamata su buga gaba, kuma wa za a haɗa da wa?

Ɗalibai, musun nan yana da amfani idan an yi shi da hujja. Bari mu ɗauki Gasar Cin Kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, mu ga abin da za ta koya mana.

Yawan gwanaye, ƙarancin gurbi

Nijeriya ta shiga gasar da 'yan wasan gaba da kowace ƙasa za ta yi sha'awa. Akwai Victor Osimhen, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a watan Disamban 2023, kuma shi ya ci ƙwallo 10 a wasannin share fage. Ga Ademola Lookman, ga Moses Simon, ga Samuel Chukwueze, ga Kelechi Iheanacho, ga kuma kyaftin Ahmed Musa. Mutum 11 kawai ke shiga fili, dole wasu su zauna a benci.

A wasan farko, ranar 14 ga Janairu, an tashi kunnen doki 1-1 da Ikwatoriyal Gini. Magoya baya suka yi ta kiran a ƙara 'yan gaba. Sai kocin, Jose Peseiro ɗan ƙasar Fotugal, ya yi akasin haka. Ya ƙara mutum a baya, ya jera masu tsaron baya uku a tsakiya, biyu a gefe suna hawa suna sauka, ya bar mutum uku a gaba. Da wannan tsari Nijeriya ta doke Kwaddibuwa 1-0, Gini Bisau 1-0, Kamaru 2-0 da Angola 1-0. Wasa huɗu a jere ba a zura mata ko ɗaya ba.

Aikin da ba ya fita a allo

Osimhen ƙwallo ɗaya tak ya ci a gasar baki ɗaya. Wanda ya duba allo kawai zai ce bai yi komai ba. To amma ku tuna: shi aka yi wa ƙeta aka ba Nijeriya fanareti a wasan Kwaddibuwa na rukuni, shi aka sake kayarwa aka samu fanareti a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu. A wasan Kamaru kuwa, shi ya bi mai tsaron baya ya ƙwace ƙwallo a ƙafarsa, ya miƙa wa Lookman ya ci. Duk inda Osimhen ya nufa, 'yan baya biyu na binsa, sai fili ya buɗe wa wani. Lookman ya ci uku a gasar, kuma wadda ya ci Angola Moses Simon ne ya kawo masa ita daga gefe.

Ga darasi na farko ke nan: layin gaba kamar miya yake. Gishiri na da daɗi, amma ba a yin miya da gishiri zalla. Ana buƙatar mai jan hankalin 'yan baya, da mai gudu a gefe, da mai ƙarasawa, da wanda zai dawo ya taya tsaro idan an ƙwace ƙwallo. A wasan hoki na kan ƙanƙara da ake yi a Kanada da Amurka, har jera 'yan gaba ake yi uku-uku, ana sauya su duk bayan ƙasa da minti ɗaya, kuma babban ciwon kan koci shi ne gano ukun da jininsu ya haɗu.

Batun Ahmed Musa

Abin da ya fi sosa ran masu kallo a Arewa shi ne Ahmed Musa bai buga ko minti ɗaya ba a gasar. Masu ƙorafi na da hujja. Tsohon ɗan wasan Kano Pillars ɗin shi ya ci Ajantina biyu a Gasar Kofin Duniya ta 2014. A ta 2018 ma, bayan Kuroshiya ta doke Nijeriya 2-0, koci Gernot Rohr ya sauya tsari, ya ajiye Odion Ighalo, ya haɗa Musa da Iheanacho a gaba, Musa ya ci Aislan biyu ranar 22 ga Yuni.

Masu kare Peseiro su ma na da tasu: shekara kusan shida ta wuce tsakanin wancan wasa da gasar Kwaddibuwa, kuma koci na kallon atisaye kullum, mu kuwa minti 90 kawai muke gani a talabijin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowane ɓangare kuka ɗauka, ku tambayi kanku: idan Musa zai shiga, wa zai fita, kuma wa zai yi aikin wanda ya fita?

Ranar da tsarin ya gaza

A wasan ƙarshe, ranar 11 ga Fabrairu a Abijan, Peseiro ya fara da Chukwueze a madadin Simon. William Troost-Ekong ya ci da ka kafin hutun rabin lokaci, sai Nijeriya ta ja baya tana tsare gida. Simon Adingra ya addabi gefen dama na Nijeriya, ya ba Franck Kessie ya farke, ya ba Sebastien Haller ya ci ta biyu. Aka tashi 2-1. Tsarin da aka yi ta yabo mako uku ya koma abin zargi a dare ɗaya.

Daga nan musu ya zarce iyaka. Aka yi wa Alex Iwobi ruwan zagi a intanet har ya goge hotunansa daga Instagram. Ahmed Musa, wanda ya fi kowa dalilin yin fushi, shi ya fito ya roƙi jama'a su daina, ya nuna cewa nasara da rashinta na ƙungiya ne gaba ɗaya.

Kafin musu na gaba

Idan malamin wasanni ya ajiye ka a benci a gasar gidaje ta makaranta, ko ke ce aka cire daga tawagar ajinku, ku fara tambayar wane gurbi ake son cikewa kafin ku ce son kai ne. A gidan kallo kuma, ku gwada wannan: kafin a take wasa, kowa ya rubuta 'yan gabansa uku a takarda, da dalilin haɗa su. Bayan an tashi sai a buɗe takardu a gani. Kowa gwani ne bayan an busa tashi, amma koci kafin a fara yake yanke hukunci.