Musa Ɗanƙwairo

Kun sha jin muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo a rediyo. Makaɗin Maradun ne, kiɗansa kotso. Ya rasu a 1991.

To, ina ya koyi waƙa? Ba a takarda ba. Ubansa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne. Tun Musa yana ƙarami yake bin sa, yana amshi. Uba ya ba da waƙa, yara su karɓa. In yaro ya ɓata, a maimaita, kamar dai yadda muke yi a ajinmu nan Gaya.

Da ya girma ya yi wa sarakuna waƙa, har da Sardauna. Shi ma haka ya koyar da 'ya'yansa. Bayan rasuwarsa, su suka ɗauki kotson.