Tanti Mai Tsini, Ɗan'uwan Bukkar Kara

Da an yanke dawa a ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, sai ka ga bukkokin kara sun tashi a gonaki: gindi mai faɗi, kai mai tsini. Makiyayi ya zo cin kara da shanunsa, ya haɗa kawunan sanduna, ya jingina kara, ya ɗaure da igiyar rama, kafin la'asar ya sami wurin kwana. Wannan siffa da muke rainawa ita ce wasu a Turai da Amurka ke zuba kuɗi su saya. Suna da ƙungiyoyin masu kwaikwayon tarihi, waɗanda ke sa tufafin sojojin da, su kafa sansani irin na da, su kwana a ciki, 'yan kallo na zagayawa.

Ɗaya daga cikin tantunan da suke kafawa shi ne mai dirka ɗaya a tsakiya, wanda sojojin Ingila suka yi amfani da shi a yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856. Mutum fiye da goma kan kwana a ciki, ƙafafu wajen dirka, kawuna wajen bango. A Amurka kuma wani hafsa, Henry Sibley, ya yi rajistar nasa samfurin a 1856, bayan ya ɗauki dabarar daga tantin fatar ɓauna na mutanen asalin ƙasar. Faɗinsa ƙafa 18, tsawonsa ƙafa 12. Ko sansanin farko na 'yan sikawut, wanda Baden-Powell ya yi a tsibirin Brownsea a 1907, da tanti mai dirka ɗaya aka yi shi.

Me ya sa tsini? Ruwa ba ya samun wurin zama, iska kuma ta kowace fuska ta zo sai ta zame ta wuce. Abin da mai jinka ya sani ke nan tun kaka da kakanni.

Kafawar ita ce aikin. A nemi tudu-tudu, nesa da shuri da hanyar ruwa, a share ƙaya da duwatsu. A buga turke a tsakiya, a ɗaura igiya, a zagaya da ita a ja da'ira a ƙasa. Kafin a ɗaga komai, a ɗaure ƙofar tantin. Wanda ya kafa ƙofa a buɗe, zai gama ya tarar bakinta ba ya haɗuwa. Sai mutum ɗaya ya shiga ta ƙarƙashi da dirka, ya sa kanta a tsinin, ya miƙar, na waje su ja igiyoyi huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa. In dirka ta tsaya sak, sannan a bi sauran igiyoyin. Kowane turke a karkata kansa waje, kada ya dubi tanti.

Ƙofa kuwa ta dubi yamma. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, hunturu daga arewa maso gabas, kuma ba banza ba tsofaffin ɗakuna da yawa suka ba gabas baya.

Ga inda sabon shiga ke faɗuwa. Tamfol na auduga da igiyar rama suna tsukewa in sun jiƙa. Ka ɗaure tam da rana, ruwa ya sauko tsakar dare, sai turaku su tumɓuke ko yadin ya yage. Don haka da an ga hadari, ko za a kwanta lokacin raɓa, a sassauta igiyoyi. Tsofaffin sojoji har ɗan rami suke haƙawa dab da gindin dirka. In ruwa ya kece, sai su zame dirkar cikin ramin, tantin ya saki gaba ɗaya ba tare da kowa ya fita ba. A kuma ja 'yar magudana a kewaye, musamman a Sabuwa da Faskari inda ruwan Agusta ba ya wasa. Da rana a naɗe gefen bango iska ta ratsa. Gawayi kam kada ya kwana a ciki ko sanyi ya kai ina, domin iskarsa na kashe mai barci.

To, ina za a kafa? Ba a daji ba. Tun daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, babu uban da zai yarda ɗansa ya kwana a fili, kuma yana da gaskiya. Amma aikin rana a harabar makaranta cikin gari ya wadatar. Mu ma ai muna da namu kwaikwayon tarihin: hawan salla da lifidi da sulke ba wani abu ba ne illa jerin gwanon mayaƙan da. Abin da ba mu nunawa shi ne inda mayaƙi ko bafatake ke kwana in ya yada zango. Malamin tarihi zai iya gayyato dattijon makiyayi ya kafa bukkar kara a gefe guda, 'yan sikawut su kafa tanti a ɗaya gefen, wanda mai ɗinkin tamfol ɗin mota a Funtuwa zai iya yankawa in an zana masa. Yara su gwada su gani wanne ya fi sanyi da tsakar rana. Ni dai kara na zaɓa.

In an tashi, a bar tamfol ya bushe ƙayau kafin a naɗe, don kada ya yi fumfuna, a kuma rataye shi inda gara ba za ta kai ba.